Naomi da Muƙamuƙin Malam Jelani

A cikin shekara goma sha ɗaya da Naomi Elisha ta yi tana ɗaukar hoton bakin mutanen Sakkwato, sau ɗaya tak ta tsayar da mutum gaban na'ura har sau uku a wuni guda. Mutumin shi ne Malam Jelani na Ƙofar Kware, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ya zo a cire masa haƙori, ita kuma ta kafe sai an ga abin da ke ƙarƙashin haƙorin tukuna. Amma kafin a zo kansa, gara a fara sanin ko wace ce ita.

A Sakkwato aka haife ta. Mahaifinta, Malam Elisha, mutumin Kagoro ne, aikin koyarwa ya kawo shi tun yana saurayi, ya ce shekara biyu zai yi ya koma gida. Ya yi talatin da huɗu yana koyar da lissafi a sakandare, a nan kuma aka binne shi. Naomi ta tashi da Sakkwatanci a bakinta tsaf, har in ta je Kagoro bikin Kirsimeti 'yan uwa su yi ta sa ta magana don su samu abin dariya. Daga uban ta gaji abu biyu: ƙaramin jiki, da ƙin aikin da ake cewa “ai ya yi haka nan”. Malam Elisha yakan mayar wa ɗalibi littafinsa don layin da ya ja ya karkace, ko da amsar daidai ce. 'Yarsa ba ta bar komai ba a wannan hali, sai ma abin da ta ƙara.

Ta so karatun likita, makin bai kai ba, sai ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ta karanci ɗaukar hoton ƙashi. Ta riski ƙarshen zamanin wanke fim a ɗaki mai duhu, lokacin da mutum zai tsaya cikin warin sinadari yana addu'ar kada hoton ya fito baƙi ƙirin. Daga baya Dakta Maccido ya buɗe asibitin haƙori nasa na kansa a hanyar Arkilla, ya sayo na'urar da ke ɗaukar baki gaba ɗaya a hoto guda, daga kunne zuwa kunne, ya ɗauke ta aiki. Kusa da nan take zaune da mijinta Luka, mai gyaran firiji, da 'ya'yansu biyu. Kullum keke-napep ke sauke ta ƙarfe takwas saura, kafin mai shara ma ya gama.

Na'urar ba ta da wuyar fahimta. Mutum zai tsaya tsaye, ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan dandamali, ya ciji wani tsinken roba da haƙoran gaba, ya manna harshensa a ganɗa, ya rufe leɓe. Sai wani hannun ƙarfe ya zagaya kansa a hankali, sakan goma sha huɗu, hoton ya bayyana a kwamfuta. Shi ke nan. Dakta Maccido yana son gaya wa baƙi ƙasar da aka ƙera ta, kamar shi ya ƙera. Naomi kuwa ra'ayinta daban ne. A wurinta na'ura ba ta taɓa ɓata hoto, mutane ne ke ɓatawa, kuma kowane gari da irin ɓarnarsa.

Ɓarnar Sakkwato ta san ta ciki da waje. Ɗan kunne guda in aka manta shi, sai ya fito sau biyu, ɗaya a inda yake, ɗaya kuma ƙato, fari fat, a can ɗaya gefen, ya zauna daidai kan haƙorin da likita ke nema. Fil ɗin hijabi ma haka, da ƙarfen da ake soka wa kitso, da layar da tsohuwa za ta rantse babu komai cikinta sai takarda, alhali an naɗe ta da waya. Haƙorin Makka ne kaɗai ta haƙura da shi, tunda ba a ce wa Hajiya ta tuɓe. Saboda haka tana da ɗan kwanon silba a kan tebur, duk wanda ya shigo sai ya zube kayan ƙarfensa a ciki, ko matar kwamishina ce. Mata sukan fito suna cewa yarinyar nan ta ɗakin hoto ta cika tsirfa. Ba yarinya ba ce, ta ba arba'in baya, amma ƙaramin jiki ya ja mata.

Dalilin tsirfar shi ne ba ta son maimaita hoto. Hasken da na'urar ke harbawa kaɗan ne, amma ba ruwan sha ba ne, kuma a ganinta duk wanda aka haska sau biyu don sakacin ma'aikaci an cuce shi, ko da bai sani ba. Takan yi wata uku ba ta sake wa kowa hoto ba. Ba ta faɗa wa kowa, amma tana ji da wannan ƙwarai.

Ranar wata Talata da hantsi aka kawo Malam Jelani. 'Yarsa Zulaihatu ce ta kawo shi, malamar makarantar firamare, tana riƙe da jakar magungunansa. Tsohon dogo ne, siriri, da farin gemu har ƙirji da rawani, carbi a hannun dama. Tun daga ƙofa Dakta Maccido ya taso ya durƙusa, don a zauren Malam ya yi karatun littattafai yana yaro. Zulaihatu ta ce haƙorin turmi na ƙasa, ɓangaren hagu, shi ne ke girgiɗi, kwana tara ke nan Malam bai samu barci ba, abinci sai kunu. Likitan ya duba, ya taɓa haƙorin ya ji yana lilo, ya ce wannan ai aikin minti biyar ne, amma a yi hoto tukuna don cika ƙa'ida. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta jera kayan cirewa a tire.

A ɗakin hoto Naomi ta gaishe shi, ta roƙi a cire rawani. Tsohon ya warware shi da kansa ba gardama, ya miƙa wa 'yarsa, ya ajiye carbin a kwanon silba.

“Ɗiyata, hwaɗi yadda kika so, in yi,” in ji shi.

Da ta kama haɓarsa za ta ɗora a dandamali, sai yatsunta suka ji abin da gemu ya ɓoye. Gefen hagu na muƙamuƙin ya kumbura, kumburi mai tauri kamar dutse, ba zafi, ba ruwa. Ta taɓa leɓensa na ƙasa ta wannan gefen, ta tambaye shi ko ya ji. Ya ce wurin ya daɗe da mutuwa, shayi ma yakan zubo ta nan bai sani ba. Naomi ba likita ba ce, kuma ta san matsayinta. Amma ta ga bakuna dubbai, ta san ciwon haƙori kawai ba ya kashe leɓe. In wani abu ne ke cin ƙashin daga ciki, aka sa ƙarfe aka murɗa haƙorin, muƙamuƙin na iya karyewa a hannun likita.

Ta saita shi yadda ya kamata, ta ce ya manna harshe a sama, kada ya motsa. Ta koma bayan bangon da take fakewa, inda ta ɗan gilashi take hango ƙeyar mutum, ta danna maɓalli. Tsohon ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. Ta ji daɗi, don tsofaffi sun fi yara wahalar tsayarwa.

Hoton ya fito a dagule. Haƙoran sama ras, ana iya ƙirga saiwoyinsu, amma muƙamuƙin ƙasa ya yi ta lanƙwasa, gefensa ya zama kamar bakin zanen da bai sha guga ba. Daidai wurin kumburin kuwa hazo ne kawai. Naomi ta ji kunya ta kama ta. Ta ɗauka tsinken ne bai ciza da kyau ba, ta ba shi haƙuri, ta sake saita shi, ta ƙara ɗaure abin da ke riƙe goshi, ta sake ɗauka. Na biyun ya fi na farko muni.

Dakta Maccido ya shigo ya leƙa kwamfutar, ya ja tsaki. Ya ce na'urar ce ta fara tsufa, dama ya lura kwanan nan tana wani ƙara, sai an kira injiniya daga Legas, shi kuwa injiniyan in ya ce gobe to a sa ran wata mai zuwa. Ba zai bar malaminsa cikin azaba har sai injiniya ya ga dama ba. Haƙori ne mai girgiɗi, ya cire irinsa ba adadi tun kafin a ƙirƙiro na'urar.

“Dakta, ka taɓa muƙamuƙin nai?” in ji Naomi, a hankali yadda su Zulaihatu ba za su ji ba.

Ya ce ya taɓa, ƙurji ne, in haƙorin ya fita zai sace. Wataƙila gaskiyarsa ce, mutum ne da ya san aikinsa. Sai dai ranar ba da idon likita yake kallon tsohon ba, da idon almajirin da ke ganin malaminsa yana shan wuya yake kallonsa. Ta roƙe shi minti ashirin. Ya dubi agogo ya ce ashirin ɗin, daga nan zai yi allura ya cire, da hoto ko babu.

Ta fitar da kowa, ta ɗauko abin gwajin da ya zo tare da na'urar, wani ɗan dunƙulen roba mai ƙwallayen ƙarfe a jere, ta ɗora a dandamalin ta ɗauka. Ƙwallayen suka fito zagaye, kowanne daidai da ɗan uwansa. Lafiyar na'ura ƙalau. Ta dawo da hotunan biyu ta zuba musu ido. Da kai ne ya motsa, da sama da ƙasa duk sun dagule. Da na'ura ce ke rawa, haka nan. Ƙasa kaɗai ke motsi, kuma motsin ba na firgita ba ne, a jere yake, tazararsa ɗaya, kamar an auna.

Ta leƙa waje. Malam Jelani na zaune a benci, hannuwansa bisa gwiwa, carbinsa yana can cikin kwanonta. Idonsa a lumshe, bakinsa a rufe. Amma gemun yana rawa, ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa. Ta tsaya tana kallo har ta gane. Zikiri yake yi. Shi yake yi tun shigowarsa, shi ya yi da tsinke a bakinsa, ita kuma tana can baya tana yaba wa ƙeyarsa.

Ta ja Zulaihatu gefe ta yi mata bayani, ta ce ta taimaka ta gaya masa ya dakata na sakan goma sha huɗu kawai. Zulaihatu ta dafe ƙirji.

“Ni? In ce ma Malam shi bar ambaton Allah? Tun da anka haihe ni ban taɓa ganin bakinai tsaye ba, ko kwana shika yi. Wallahi ba ni iyawa. A dai cire haƙorin mu tahi.”

Ta je wurin likita. Dakta Maccido ya saurare ta, ya sosa ƙeya. Mutumin da ke tsawata wa manyan mutane a kan kujerarsa kamar yara, sai ga shi yana cewa ai wannan magana da nauyi, shi da ya yi karatu a gabansa, da wane baki zai faɗa. Ya koma yana gyara kayan tiren da an riga an gyara.

Saura ita ke nan, kuma ta fi kowa sanin yadda abin zai iya sauka. Ita Kirista ce, sunanta na rubuce a ƙirjin rigarta. A garin nan ta girma, ta san akwai maganar da ɗan gida zai faɗa a yi dariya, wani ya faɗa ta zama abin da za a kwana ana maimaitawa a unguwa, kowa da irin gishirin da zai ƙara. A ce wata Naomi ta hana malamin Ƙofar Kware zikiri. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna ba wanda zai zarge ta in ta yi shiru. Likita ya ce na'ura ce, 'yar ta ce a cire, ita me nata? Ta tsaya a bakin ƙofa tana wannan tunani, minti bakwai ya rage. Sai ta je ta durƙusa gaban bencin.

“Allah gafarta Malam, ina da magana, in ta yi nauyi a yahe min.”

Ya buɗe ido. “Hwaɗi, ɗiyata.”

“Hoton ga sau biyu shina ɓaci, kuma ba laihin na'ura ba na. Bakinka ka motsi, Baba. Zikirin da kaka yi, harshe in ya motsa sai muƙamuƙi shi bi shi. Ni kuwa akwai abin da nika son likita shi gani ƙarƙashin haƙorin ga kahin shi taɓa shi. Sau ɗaya yar rage min, ba ni ƙara haska ka bayan wanga.”

Zulaihatu ta kawar da kai kamar ba ta wurin. Tsohon ya kai hannu ya taɓa gemunsa, ya riƙe, kamar mai son kama shi yana motsin.

“Yanzu ma shina yi?”

“Shina yi, Baba.”

Sai ya yi dariya, gajeriya, ciwon ya katse ta. Ya ce wallahi bai sani ba, shi a zatonsa shiru ya yi mata. Sannan ya ce, ba ita yake gaya wa ba sosai, malaminsa ya taɓa ce masa zikiri na harshe farkon hanya ne, akwai na zuci, wanda mutum zai yi ko gashin bakinsa bai sani ba. Ya ce ya gwada yana saurayi, ya gwada da girma, kullum harshen sai ya tsoma kansa, har ya haƙura ya ce wannan rabon wasu ne.

“Sakan nawa kinka ce?”

“Sha huɗu.”

“To mu gani. Amma ba ni bari, sai dai in maishe shi ciki.”

Ta saka masa rigar kariya, ta sa wa kanta ɗaya. A karon nan ba ta tsaya inda ta saba ba, ta ja wayar maɓallin iyakar tsawonta ta raɓe a gefen bangon, inda take ganin gemun. Ta ce ya haɗiye miyau, ya manna harshe, ya rufe leɓe. Ta jira. Gemun ya yi rawa, ya yi rawa, ya rage, ya tsaya. Ta danna. Hannun ƙarfen ya taso daga kunnen dama, ya bi ta ƙeya a hankali da ɗan kukansa. Ba ta taɓa sanin sakan sha huɗu na da tsawo haka ba. Wata jijiya ta fito a goshin tsohon, hannuwansa sun damƙe maƙallan na'urar. Gashi ɗaya bai motsa ba har ƙarfen ya tsaya.

Hoton ya sauko a kwamfuta daga hagu zuwa dama, tas, kowane layi a wurinsa. Ƙarƙashin turmin akwai wani baƙin rami mai ɗakuna-ɗakuna, ya tashi daga nan har kusurwar muƙamuƙi, ya cinye saiwoyin haƙora uku. Ƙashin da ya rage a ƙasa bai fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Daɗin aikin da ya yi kyau ya zo mata, tausayin tsohon ya biyo baya ya danne shi. Ta kira likita.

Dakta Maccido ya daɗe a tsaye gaban kwamfutar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bai ce komai game da injiniyan Legas ba. Ya leƙa ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta kwashe tiren, ya zauna ya rubuta takardar tura Malam babban asibiti wurin masu aikin muƙamuƙi. Sannan ya shigar da uban da 'yar ofis ya rufe ƙofa.

Sun fi rabin awa a ciki. Naomi ta zare ledar tsinken ta jefar, ta goge dandamalin, ta ɗauki hoton wata mata da ta zo da ɗan kunne huɗu a kowane kunne. Da suka fito, idon Zulaihatu ya yi ja, ta riƙe takardar da hannu biyu. An gaya musu aiki ne babba, za a yanke wani sashe na ƙashin a sa ƙarfe, kuma sai an auna kafin a san irin ciwon. Malam Jelani ya riga ya naɗa rawaninsa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin hoto, ta miƙa masa carbinsa da hannu biyu. Ta shirya kalmomin ban haƙuri, irin waɗanda ake faɗa, tana jiran ya tambaye ta ko abin da ta gani mai kisa ne, don ta ce wannan sai likita.

“Ɗiyata, gaya min gaskiya,” in ji shi. “Na motsa?”

“Ko kaɗan, Baba. Ko gashi guda.”

“Kin tabbata? Ba don ki daɗaɗa min ba?”

“Da ka motsa da hoton ya nuna. Na'urar ga ba ta kunyar kowa.”

Fuskarsa ta washe, duk da kumburin, har gefen leɓen da ya mutu ya ɗan ɗaga. Ya juya wurin 'yarsa da ke share hawaye da gefen hijabi.

“Kin ji ko, Zulai? Kuma ban bari ba, ko sau ɗaya ban yanke ba. Shekara hamsin nika biɗar abin ga.”

Ya sa wa Naomi albarka, ta ce amin. Zulaihatu ta kama hannunsa suka nufi ƙofa, haƙorin na nan a bakinsa yana lilo, shi kuwa sai sake ba ta labarin yake yi tun daga farko.